Hanyar Fuguri a Yini Ɗaya

Dala, Kano
Laraba, 19 ga Yuli

Zuwa ga mahaifiyata Inna Bintu, Fuguri.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin sauƙi. Yaya ƙarfin jikin? Yaya damina, yaya mutanen gida da maƙwabta? Mu nan muna lafiya, sai kewar wanda ya tafi. Jikarki Hafsat tana gaishe ki, Gwaggon marigayi ma tana yi miki sannu.

Bukar, kai da za ka karanta mata, ka karanta duka, kada ka tsallake layi. Ni na goya ka, na san halinka. Ranar Alhamis da ka fito kasuwar Mararraba ka kira ni, na yi maka tambaya goma ka ba ni amsa ɗaya, wai da sauƙi. Sai da na matsa maka ka furta cewa sati uku ke nan Inna ba ta fita tsakar gida da ƙafarta, ƙafafun sun kumbura, numfashi yana yi mata wuya. Wannan ne sauƙin? Shi ya sa na koma takarda. Tunda sabis bai san hanyar Fuguri ba, Inna kuma ba za ta iya zama a kan babur ta fito inda yake ba, gara in rubuta, Ɗantani direba ya miƙa maka a Mararraba, ka kai mata maganata yadda na faɗe ta.

Inna, yau kwana saba'in da huɗu da rasuwar mijina Malam Sani, saura hamsin da huɗu in fita takaba. Ina zaune a ɗaki, ba turare, ba kwalli. Gwaggo ta tattaro kayanta ta tare a wurinmu don ta tsare ni, sai ka ce an gaya mata gudu zan yi. Ta ba ni wata 'yar wuƙa ta ce ko banɗaki zan shiga in riƙe ta. Ina riƙewa don a zauna lafiya, na ma samu abin yanke zare in ina ɗinkin hula. Abokan aikinsa na marinar Ƙofar Mata suna zuwa gaisuwa ran Juma'a su tsaya a zaure. Ba na iya ɗaga kai, don in na ga hannayen nan masu shuni sai in tuna nasa. Ban san haka nake son bawan Allahn nan ba sai da aka fita da shi. Amma tun Alhamis ba shi ne ke hana ni cin abinci ba, ke ce.

Jiya Gwaggo ta tsokane ni. Ta ce shekara ashirin da biyu tana jin Fuguri, Fuguri, har yau ba ta ga wanda ya je can don kansa ba, sai dai wanda aka haifa a ciki ya gudo. Ta sa Hafsat ta duba a waya, wai ko taswira ba ta san da mu ba. Raina ya ɓaci, na ajiye hula na zayyana mata tun daga tushe, yadda kike ba mu muna yara. Na ce Fugu Adamu madugun kanwa ne daga Barno, ya taso da jakuna ɗari biyu zai kawo kasuwar Kurmi, ya iso mashigi ya tarar kogi ya kawo. Ya sauka a tudun arewa yana jira, ya yi kwana arba'in. Kafin ruwa ya ba shi hanya mutanensa sun shuka gero, kuma ba a barin gero a gona a tafi. Haka zango ya zama gari, duk ayarin da ya fito gabas zai shiga Kano a wurinmu yake yada zango. Da jirgin ƙasa ya zo tasha aka gina mana, Babanmu ne mai ɗaga tuta, gyaɗa kuwa a ƙuruciyarki ana tula ta har ta fi soron dagaci tsawo. Na ce mata ina shekara bakwai muka hau jirgi da safe, muka ci abincin rana a Fagge wurin ƙanwar Baba, muka koma muka kwana a gida.

Gwaggo ta bari na gama kurarina, ta ce to yanzu fa? Me zan ce? Jirgi ya daina tsayawa, daga baya ya daina zuwa. Da za a yi kwalta sai ta bi ta kudu, mil takwas daga gare mu, kasuwa ta bi ta, ta bar mu da rumfuna. Gadar jirgi da babura suke lallaɓawa ta kai, ambaliyar shekara uku da ta wuce ta tafi da ita. Da rani a taka yashi a wuce, da damina sai kwalekwale. Na ce mata ruwa ne ya kafa garin kuma shi ya rufe shi, ta ce Allah Ya kyauta, ta ci gaba da taunar goronta.

Na ba Ɗantani dabino da zuma da zanen rufa mai kauri. Ki daure ki ci ko kaɗan ne. Ina nan ina neman yadda zan yi in gan ki, ban haƙura ba. Ki gaida matar Bukar da yara. Ki sa min albarka.

'Yarki,
Fanna


Dala, Kano
Laraba, 2 ga Agusta

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da ladabi, ina fatan kin tashi da sauƙi. Yaya kumburin, yaya numfashin? Bukar ya ce kin sha zumar, kin kuma yi dariya da labarin wuƙar Gwaggo. Wannan ya fi min komai daɗi cikin watan nan.

Albishirinki, ina zuwa. Na aika aka roƙo min Malam Mikail, limamin unguwarmu, aminin marigayi. Ya zauna a zaure, ni ina daga bayan labule, na faɗa masa halin da kike ciki ina kuka. Ya ce mai takaba tana iya fita da rana in akwai buƙata, duba uwa marar lafiya kuwa buƙata ce babba. Abin da aka tsare shi ne kwana. Ga kalmominsa, na haddace su: "Ki fita bayan asuba, ki dawo ki kwana a ɗakin mijinki. In hanya ta yarda, littafi bai hana ki ba."

Gwaggo ta ce a zamaninsu mai takaba ko zaure ba ta leƙawa, malaman yanzu sun cika sassauci. Ta yini tana mita. Da yamma kuma ita ce ta ce in zan tafi in tafi da Hafsat, kuma in rantse mata ba zan bar gadon ɗan ɗan'uwanta ya kwana babu kowa ba. Na rantse. Ko ba ta nema ba ma da na yi wa kaina, don Malam Sani bai taɓa kwana a waje ba tare da na sani ba, ba zan fara yi masa yanzu da ba ya iya magana ba.

Sai na kira Ɗantani, shi yana faɗa Hafsat tana rubutawa, muka auna hanyar gaɓa-gaɓa. Ki saurara ki ji. Ƙarfe shida mu fito daga gida mu hau a-daidaita-sahu zuwa tashar Yankaba. Ya ce ran kasuwa motarsa takan cika kafin bakwai da rabi. Awa uku a kan kwalta, mu sauka Mararraba goma da rabi. Daga nan babur, rabin awa zuwa mashigi. Jiran kwalekwale da tsallakawa, wani rabin awar. Sai wadda ta fi ba ni tsoro, fadamar nan daga bakin kogi zuwa gari. Da can kan tudun layin dogo muke bi, ƙafa ko jiƙewa ba ta yi, amma na ji ruwa ya cinye shi, babur ba ya shiga da damina, awa ɗaya ce cur a ƙafa cikin taɓo. Sha biyu da rabi ke nan ina ɗakinki. In zauna da ke awa ɗaya da rabi, in yi azahar a gefenki, ƙarfe biyu in miƙe. Awa biyu na komawa, in iske Ɗantani kafin ya tashi. Ya ce huɗu da rabi ko uwarsa ce ba ya jira, don hanyar ba ta biyuwa in duhu ya yi, kuma bayan tasa babu wata motar Kano. Kafin a watse daga isha'i ina Dala.

Yini guda a hanya saboda awa ɗaya da rabi, kuma wallahi ya yi min arha. Haushin fadamar nan kawai nake ji. Ba don ita ba da awa uku da rabi zan samu, har in tsefe miki kai in yi miki kitso. Gwiwoyina ma ba na da ba ne, zaman takaba ya ƙara sangartar da su. Amma ko da rarrafe zan ratsa ta.

Gobe ba zai yiwu ba, Hafsat tana da jarrabawa a makarantarsu ta aikin jinya. Alhamis ta sama ce, goma ga wata, in Allah Ya kai mu. Za ta zo da abin awon jini ta duba ki, kada ki ce mata ke ba kya son kayan asibiti. Ki ce wa matar Bukar kada ta wahalar da kanta da tuwo, ba ni da lokacin tauna. Fura ta isa, wadda za mu sha a ƙwarya ɗaya ni da ke.

Saura kwana arba'in in fita takaba, daidai kwanakin da Fugu Adamu ya yi a bakin kogi. Shi dai ya samu gero. Allah Ya ƙara miki lafiya, Ya nuna min fuskarki.

'Yarki mai ɗokin ganinki,
Fanna


Dala, Kano
Laraba, 16 ga Agusta

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina tambayar jikinki, ina kuma jin kunyar tambayar. Allah Ya sa da sauƙi na gaskiya.

Ban zo ba. Kin riga kin sani, amma ina so ki ji yadda aka yi daga bakina, kada ki zaci raina ne bai so ba.

Shida ta yi mana a kan titi kamar yadda muka tsara. Sai dai an kwana ana ruwa, fasinja sun maƙale a gida. Muka zauna a mota, kujera uku babu kowa. Hafsat ta ce wa Ɗantani mu za mu ɗauki kujerun ya tashi. Ya ce ba kujeru kaɗai ba ne, akwai mai buhunan gishiri da ya yi wa alkawari tun jiya, ba zai tafi ya bar shi ba. Mai gishiri bai iso ba sai tara da rabi, yana tafe yana sakace. Ban taɓa tsanar mutumin da ban sani ba kamar shi, Allah Ya yafe min. Mun yi rabin hanya muka tarar ruwa ya cinye wata kwalbati, motoci suna gangarawa ta cikin gonar mutane ɗaya bayan ɗaya, ana tura wannan ana jawo wancan. Wani dattijo a motar yana ta cewa sannu ba ta hana zuwa. Na ce a raina ƙarasa ta mana, sai dai a daɗe ba a je ba.

Biyu saura kwata muka sauka Mararraba. Na tsaya a gindin darbejiyar da 'yan babur ke fakewa, suna ta kirana, Hajiya mashigi ne? Na ƙirga a yatsu. In na hau yanzu, huɗu saura kwata zan shiga gari. In gaishe ki a tsaye in juyo, mota za ta tashi ina tsakiyar fadama. Na ƙirga sau uku ko zai canja, bai canja ba. An ce ganin Dala ba shiga birni ba ne. Ni da nake kwana a gindin Dalar, sai a wurin nan maganar ta shige ni.

Hafsat ta riƙe hannuna ta ce, "Umma, mu ƙarasa ko bakin kogi ne, ki hango garin."

Na fizge hannuna na ce, "Me zan yi da kogi? Uwata na zo gani, ba ruwa ba."

Na zaga kasuwa ina neman Bukar ban gan shi ba, wayarsa ba ta shiga, na ce yana gida yana jirana. Sai na ga Nana Hauwa mai daddawa, ta gane ni kafin in gane ta. Na ba ta ƙullin da na kawo miki, na ce ta ba ki haƙuri. Ta ce ita sai kwalekwalen ƙarshe take bi, wajen magariba, amma za ta isar.

Daga nan muka zauna a wata rumfa kusan awa uku muna jiran Ɗantani ya gama lodi. Inna, kin ga Mararraba kuwa? Wurin da muka sani da bishiya ɗaya da tsohuwa mai gyaɗa, yanzu ga gidan mai, ga kantin magani, ga ƙarfen sabis ya tokare sama. Rabin masu rumfunan 'yan Fuguri ne, wasu har kwanon rufin gidajensu suka ɓalle suka kawo. A gaban wani mai hatsi na ga babban sikelin tashar jirginmu, wanda Baba yake ɗora mu a kai yana tsokanarmu wai ba mu kai buhu ba. Na gane shi ta ƙafar da aka yi wa walda. Da la'asar hadari ya taso aka sheƙa ruwa kamar da bakin ƙwarya, na ce to gara da ban shiga fadama ba. Da wannan na rarrashi kaina har Kano.

Gwaggo na tarar a bakin zaure tana jira. Ta kalli fuskata, ta kawo min ruwan zafi da kanta. Na cika mata rantsuwarta, amma ban ji daɗin cikawar ba.

Ɗantani ya ce kwalbatin nan sai bayan damina, tafiyar awa uku ta koma huɗu da wani abu, don haka daga yanzu ƙarfe uku zai riƙa tasowa daga Mararraba. Lissafinmu ya rushe ke nan, zuwa da dawowa a yini ɗaya ba zai ƙara yiwuwa ba. Don haka ki yanke min. In kin ce in zo, zan zo in kwana, in laifi ne ni zan ɗauka, in kaffarar rantsuwa ce zan yi. Saura kwana ashirin da shida. Ki yafe min.

'Yarki,
Fanna


Dala, Kano
Laraba, 23 ga Agusta

Inna,

Assalamu alaikum. Yaya jikin? Yaya tarin? Eh, na san da tarin, da zazzaɓin, da ciwon haƙarƙarin. Ba daga bakin Bukar na ji ba.

Ranar Alhamis ya kira ni ya ce da sauƙi. Da dare Ɗantani ya kawo 'yar takardar da kika sa Bukar ya rubuta tun kafin tawa ta iso miki. Na karanta ta har na haddace: in zauna a ɗakin mijina, Sani bai taɓa ɓata miki ba yana raye, ba za ki ci haƙƙinsa yana kabari ba, kin hana ni zuwa, za ki jira. Ina cikin ninke ta Ɗantani ya ce in yi haƙuri da abin da ya faru a mashigi, shi ma gishirin nan ya tsaya masa a rai. Na ce wane abu? Ya zaci na sani, don duk kasuwa maganar ake yi.

Ashe ranar da na ce zan zo, da gari ya waye kika sa Bukar ya sake karanta miki takardata, wurin da nake kukan fadama. Kika ce a ɗaura wa shanu amalanke. Ya hana, matarsa ta hana, kika ce in ba su kai ki ba, to da rarrafe za ki tafi, ai 'yarki ma haka ta ce. Suka shimfiɗa katifa suka ɗora ki, shanu suna nutsewa ana ɗago su, har bakin kogi. Tun sha ɗaya kina gindin kanyar mashigi. Duk kwalekwalen da ya taho sai ki ce a ɗaga ki ki gani. Ruwan la'asar da na gode wa Allah bai same ni a fadama ba, a kanki ya ƙare, da tabarma ɗaya aka rufa miki. Kika ƙi tashi har kwalekwalen ƙarshe, Nana Hauwa ta sauko da ƙulli a ka.

Na sake lissafin, Inna, na kasa dainawa. Da na hau babur ɗin nan, uku saura kwata ina gabanki. Rabin awa muna tare, in juyo in sami mota da sauran lokaci. Kin cire min fadamar gaba ɗaya, kin ɗauke ta a jikinki, ni kuwa ina zaune a rumfa ina kallon masu barkono. Yarinya ta ce mu ƙarasa bakin kogi, na yi mata tsawa. Tun ranar Alhamis Hafsat ba ta ce min ai na faɗa miki ba. Da ta faɗa ma da ya fi min sauƙi, don yanzu ba na iya haɗa ido da ita.

Wa ya aike ki? Mace mai shekara saba'in da biyar, numfashi da ƙyar, ki hau amalanke cikin damina? Ina jin haushinki, ina jin haushin Bukar da ya biye miki, amma wanda nake ji na kaina ya fi su duka. Ni na rubuta zancen fadamar nan da hannuna, na san kuma wace ce uwata.

Kin hana ni zuwa, na ji, ba zan tsallake maganarki ba. Amma kin ce za ki jira, kuma ban taɓa jin kin faɗi abu kin saɓa ba. Na riƙe ki da wannan. Kwana goma sha tara ne. Hafsat ta nemi shawarar likita a asibitin da suke koyon aiki, ga magani nan, ta rubuta wa Bukar yadda za a sha. Ki sha don ni, ko kina ƙi.

Allah Ya tashi kafaɗunki, Ya haɗa fuskokinmu.

'Yarki,
Fanna


Dala, Kano
Laraba, 6 ga Satumba

Zuwa ga ƙanena Bukar,

Assalamu alaikum. Yaya haƙuri? Yaya iyali, yaya gajiyar jama'a? Allah Ya jiƙan Inna, Ya yafe mata, Ya sa jinyar da ta sha ta zama kaffara. Allah Ya saka maka da alheri kai da matarka.

Na fara da neman gafararka. Ranar Litinin ka ratso fadama ka tsallako kogi don kawai ka sami sabis ka sanar da ni da bakinka, ni kuwa na ce kai ka kashe ta da amalankenka. Ƙarya na yi, zafin zuciya ne. Kai ka yi jinya, kai ka ɗaga ka kwantar, kai ka sa ta a kabari ranar Lahadi kafin magariba, ni takarda kawai na iya aikawa. Babu wanda ya isa ya hana Inna abin da ta sa kai, Baba ma bai iya ba. Ka yafe wa yayarka.

Ka ce kullum da safe sai ta tambaye ka saura kwana nawa. Ranar Lahadin nan, saura takwas ka ce mata. Ta yi ƙoƙari, Bukar, ba zan ce ta saɓa min ba.

Nan gidan ya sake cika da 'yan gaisuwa, wasu ma ba su san wanne rashin za su fara yi min ta'aziyyarsa ba. Gwaggo ta yi kuka sosai. Ta ce da ta san haka ne da ita za ta ce in kwana a can, ta kama bakinta, babu mai ji. Malam Mikail ma ya zo jiya, bayan addu'a ya fara cewa ita lalura ai tana da nata hukuncin, da an dawo an sake tambaya. Na katse shi daga bayan labule, abin da ban taɓa yi wa babba ba. Na ce, "Malam, don Allah ka bar shi a cikinka. In ya halatta in kwana, ba na so in sani." Yanzu da ba ta nan kowa ya zama mai sauƙi.

Sadakar uku ta wuce jiya ba ni, ta bakwai ma ranar Asabar za ku yi ba ni, don sai Litinin nake fita. Kwana biyar ɗin nan zan cika su daidai, ko ba don komai ba don ita ta ce in cika. Ga shinkafa da gero nan wurin Ɗantani na sadaka. Kada ku raba kayan ɗakinta, kada ma a share shi sosai, ku bar min shi yadda ta bar shi.

Alhamis ta sama, sha huɗu ga wata, muna tafe ni da Hafsat in Allah Ya yarda. Kada ka fito Mararraba, ka jira mu a mashigi. Kada kuma ka kawo min amalanke, da ƙafata zan ratsa fadamar. Amma kafin mu kama hanya ka nuna min daidai inda kuka ajiye ta a gindin kanyar ranar da ta jira ni, da wajen da take kallo, ina so in zauna a wurin. Kada ka damu da lokaci ko mun iso a makare. Wannan karon babu motar da zan koma in kama.

Ka gaida matarka da yara, ka gaida Nana Hauwa.

Yayarka,
Fanna